Akwatin waya daga Amurka: Kano tana shiga, Abijan ta ƙi

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Ina neman taimakon waɗanda sunka san harkar waya ta intanet. Ɗana da ke Amurka ya aiko mini da wani ɗan akwati, an rubuta Cisco SPA112 a jikinshi, ya ce a haɗa shi da akwatin wifin shago ta igiya a sa mishi wayar tebur. Shi ya buɗe layin can wajensu, shi ke biyan kuɗin wata. Yaron shago ya haɗa komi, fitilu sun kama. In ya kira ni daga can shina shiga lafiya lau, murya tas. Kano ma ina samu, don ya koya mini in fara da 011, in sa 234, in jefar da sifirin farko.

Abijan ce ta gagare ni, kuma can masu karɓar albasata suke, ga motoci na lodi a Galmi. Na bi yadda anka koya mini, 011, 225, in cire sifiri, sai wata mata ta yi turanci layi ya yanke. Kwatano ma haka. Nan Tahoua in na buga nimero mai 96 yadda munka saba, sai shiru mai tsawo sannan wata ƙara mai sauri. Akwatin ne ya lalace a hanya, ko rezo ne?

Mai Gyara Wadata:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tunda kira yana shigowa kuma ana jin juna, akwatin lafiyarsa ƙalau, rezo ma ba shi da laifi. Lambar da ke fita daga cikinsa ce ba ta cika ba.

Cire sifiri ba dokar kowace ƙasa ba ce. A Najeriya sifirin da ke gaban 0803 alama ce ta kiran cikin gida kawai, shi ya sa ake ajiye shi in an sa 234. Haka Gana da 233, haka Saudiyya da 966, haka Faransa da 33. Amma Kwaddibuwa tun 31 ga Janairu 2021 ta mai da lambobinta guda 10, aka ƙara 07 ga na Orange, 05 ga na MTN, 01 ga na Moov, kuma wannan sifirin jikin lambar ne. Wanda ya cire shi ya aika lamba 9, babu mai ita. Benin ta bi sahu ranar 30 ga Nuwamba 2024, ta ƙara 01 a gaban kowace lamba. Saboda haka Abijan ku buga 011 225 sannan lambar gaba ɗayanta da sifirinta. Kwatano 011 229 01 sannan tsohuwar lambar mai takwas. In a littafinku tsofaffin lambobin kuka rubuta tun da, sai an bi su an ƙara musu.

Ɗan Adar:
Allahu akbar. Na gwada yanzun nan, Abijan ta shiga, mun gaisa da mutumina har mun yi maganar mota. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Saura ta gida.

Mai Gyara Wadata:
Amin, Alhaji. Ta gida sai an shiga cikin akwatin. Akwai wani layi a cikinsa da ake ce wa tsarin bugu, aikinsa irin na ɗan kamasho a tasha: kowace lamba ta zo sai ya duba motar da za ta shiga, in babu motarta ya mai da ita. Wanda akwatin ke zuwa da shi daga masana'anta na Amurka ne. Ya san lamba 7, ya san 11 zuwa sama, ya san 911. Lamba 8 irin tamu ba ya cikin lissafinsa. Shirun da kuke ji jira yake ku ƙaro wasu, sakan 10, in ba ku ƙara ba ya ba ku ƙarar nan mai sauri.

Ko da ya bar ta ta wuce, kamfanin da ke can bai san 96 ta Nijar ce ba. Shi akwatin a ganinsa yana Amurka, ko da a tsakiyar kasuwar Tahoua aka ajiye shi. Kiran maƙwabcin shagonku ma kiran ƙasar waje ne a wajensa, sai da 011 227.

Yaron Alhaji:
Yaya, ni ne na haɗa kayan. Alhaji ba zai riƙa tuna 011 227 kullum ba, hannunshi ya saba. Babu yadda za a yi akwatin ya ƙara da kanshi? Kuma ta ina ake shiga? Ba shi da allo.

Mai Gyara Wadata:
Akwai, ƙanena, aikinsa ke nan. Ɗaga kan wayar ka danna tauraro sau huɗu, za ka ji murya, sai ka danna 110 da #. Za ta karanto maka adireshin akwatin, lambobi huɗu da ɗigo a tsakani. Rubuta su a burauzar wayarka ko kwamfuta, muddin kana kan wifi ɗaya da shi. In ba a canza ba, suna admin ne, kalmar sirri ma admin. Shiga Voice, ka zaɓi Line 1, ka gangara ƙasa har inda aka rubuta Dial Plan. Kafin ka taɓa komi ɗauki hoton abin da ke wurin. Sannan ka goge ka sa wannan, kada ka bar fili ko ɗaya:

(<:011227>[2789]xxxxxxxS0|<001:1>xxxxxxxxxxS0|<00:011>[2-9]xxxxxxx.)

Kashi uku ne, sanda tsaye ta raba su. Na farko yana cewa duk lamba 8 da ta fara da 2, 7, 8 ko 9 ta Nijar ce, a manna mata 011227 a tura nan take. S0 ɗin shi ne nan take. Na sa 2 don layukan ofis, irin 20 72 da 20 73 na Yamai da 20 61 na Tahoua. Salula kuwa da 9 da 8 suke farawa, yanzu har da 7. Na biyu na kiran Amurka ne, 001 ta koma 1. Na uku shi ne duk sauran duniya: Alhaji ya buga 00 yadda muka saba a nan, akwatin ya mai da ita 011. Ɗigon ƙarshe kada ka manta shi, shi ke barin lamba ta yi tsawon da take so.

Abu ɗaya kuma. A kashi na uku akwatin bai san inda lambar za ta ƙare ba, in aka dakata sakan 3 sai ya tura abin da ya samu. Mai duba littafi yana bugawa zai wuce sakan 3 cikin sauƙi, sai rabin lamba ta tafi. Shiga Regional ka nemi Interdigit Short Timer ka mai da shi 5 ko 6. In an gama bugawa a danna #, ba sai an jira ba.

Ɗan Konni:
Madalla da bayani, maigida. Amma ni ina ganin an bar abu mafi amfani. Mu nan bakin iyaka rabin kiranmu Illela ne da Sakkwato da Kano. Mi zai hana a ƙara kashi na huɗu, duk lambar da ta fara da 07, 08 ko 09 a cire sifiri a sa 234? Mutum ya buga ta yadda anka rubuta ta a jikin mota ko a kati, shi ke nan. Na yi wa nawa haka kuma ina jin daɗinshi.

Mai Gyara Wadata:
A wajenka daidai ne, Malam, don Najeriya kaɗai kake kira. A wajen Alhaji ban yarda ba. Lambobin Orange na Abijan da 07 suke farawa, na Najeriya ma akwai masu 070. Ranar da ya ɗauko katin wani dillali na Abijan ya buga 07 kai tsaye, akwatin zai ɗauka Najeriya za shi, ya tsaya jiran lamba ta 11 da ba za ta zo ba. In kuma yatsa ya ƙara ɗaya bisa kuskure, wayar wani bawan Allah ce za ta yi ƙara a Najeriya, kuɗi kuma su tafi.

Ɗan Konni:
To a raba su da tsawo mana. Goma Abijan, sha ɗaya Najeriya.

Mai Gyara Wadata:
Za a iya, amma sai an cire S0, kowane kiran Abijan ya zama da jira. Sannan ya za ka yi da 01? Duk Benin da 01 take farawa, lamba 10. Moov ta Kwaddibuwa ma 01, lamba 10. Babu abin da zai raba su sai 229 da 225. Ni abin da na tsaya a kai shi ne gajeriyar hanya ɗaya tak, ta gida. Duk abin da ya ƙetare iyaka a buga 00 da lambar ƙasa. Mutum ya riƙe doka ɗaya a kansa ya fi a cika akwati da dabarun da ranar da ƙasa ɗaya ta sake tsarin lambobinta za su rushe, kuma mun ga ƙasashe biyu sun sake cikin shekara huɗu.

Ɗan Konni:
Ban ƙi taka ba ga mai kiran ƙasashe da yawa. Amma nawa ba zan taɓa shi ba, tsohuwata ma tana kiran ƴan uwanta a Sakkwato ba tare da ta nemi kowa ba.

Malamin Lissafi:
Ku yi haƙuri in shigo da wata magana. An gyara wa Alhaji yadda zai kira 96 ta akwatin, amma ba a gaya masa ko ya dace ya kira ba. Kiran nan zai tashi daga Tahoua ya je Amurka ta intanet, sannan kamfanin can ya sayi hanyar dawo da shi Nijar a farashin kiran ƙasar waje. Kiran salular Nijar daga waje ba shi da arha. Ɗansa ne zai ga lissafin a ƙarshen wata. Da layin aljihunsa zai kira maƙwabcinsa da kuɗi kaɗan. Haka wanda ke nan gida in ya kira lambar akwatin, Amurka ya kira, kredinsa zai ƙone.

Kuma gaskiya ina tambaya, duk wannan wahala ta mece ce ga WhatsApp?

Ɗan Adar:
Malam, tambayarka tana kan hanya. Da ɗana WhatsApp muke yi wani lokaci. Amma direbobi da ƴan dako da yawa ƙaramar waya gare su mai maɓalli. Wanda ke da babbar ma in mota tana daji babu data, sai kira na sosai. Ofisoshi kuma layin tebur gare su. Sannan idona ba shi son ƙananan rubutu, wayar tebur kuwa maɓallanta manya ne.

Mai Gyara Wadata:
Maganar Malam ta kuɗi gaskiya ce, kuma ina goyon bayanta. Alhaji, ku ce wa ɗanku ya turo jadawalin farashin kamfanin, ku duba Nijar, Kwaddibuwa, Benin da Najeriya, kowace da kuɗin mintinta, salula daban layin ofis daban. Ku gwada da abin da layinku na nan ke ci. Inda akwatin ya fi sauƙi ku yi amfani da shi, inda bai fi ba ku ɗauki ta aljihu. Na bar kashin Nijar a tsarin ne don ranar da kredi ya ƙare ko rezon salula ya ɗauke alhali wifi na aiki.

Hajiya Mai Tikiti:
Sannunku da ƙoƙari. Tunda an buɗe maganar bari in kawo tawa. A ofishinmu nan Yamai irin wannan akwati, wato adafta, muke da shi, mai suna Grandstream HT802, lokacin Umra da Hajji muna yawan kiran Makka da Madina. Fita ba matsala, 00966 mu cire sifiri. Amma masu masauki suna cewa sun kira mu ba ya shiga, alhali muna zaune gaban wayar. In muka kashe muka kunna sai ya yi aiki na ɗan lokaci ya sake. Wani lokaci kuma ya shiga, su suna jina ni ba na jinsu. Wannan na ƙarshen ya fi ci mini rai, don mutum yana can da fasinjoji tsaye a gabansa yana ta magana ni ina ta alo alo.

Injiniyan Rezo:
Hajiya, intanet ɗinku na akwatin wifi mai sim ne?

Hajiya Mai Tikiti:
Eh, mai sim ne, 4G.

Injiniyan Rezo:
To ga abin da ke faruwa. A kan 4G ba ku da adireshin kanku a intanet, ku da mutane masu yawa kuke raba ɗaya. In adaftarku ta yi magana da kamfanin, ana buɗe mata ƴar hanya ta dawowa, amma in ta yi shiru na ɗan lokaci sai a rufe. Ita kuwa yadda take zuwa, sau ɗaya a awa take sabunta rajistarta. Tsakanin nan duk wanda ya kira ba a san inda za a same ku ba. Da kun kashe kun kunna sai ta sake rajista, hanya ta buɗe, shi ya sa kuke ganin ya gyaru.

A Grandstream tauraro uku ake dannawa sannan 02 don jin adireshi. A shafin FXS Port ku mai da NAT Traversal zuwa Keep-Alive, ku rage Register Expiration zuwa minti 2. Masu Cisco su kunna NAT Mapping Enable da NAT Keep Alive Enable, su mai da Register Expires daga 3600 zuwa 120, don nasu da sakan yake lissafi.

Jin ɓangare ɗaya kuma, dalilinsa shi ne kiran da muryar ba hanya ɗaya suke bi ba. Ƙarar kira tana bi ta ƙofa 5060, murya tana bi ta wasu ƙofofi daban. Akwatunan wifi da yawa suna da wani abu mai suna SIP ALG da aka sa don ya taimaka, amma sau da yawa shi ke ɓata adireshin da murya za ta dawo ta kai. Ku shiga akwatin wifin ku kashe shi. In bayan haka bai daina ba, ku tambayi kamfaninku ko suna karɓar TCP ko TLS, wato wasu hanyoyin tura kiran, a koma can.

Hajiya Mai Tikiti:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. Gobe da safe zan sa a yi. Tsarin bugun da aka ba Alhaji zai yi a namu?

Injiniyan Rezo:
A'a Hajiya, rubutunsu ya bambanta. Grandstream da baka mai lanƙwasa yake buɗewa, kuma alamar daidai yake sawa inda Cisco ke sa ɗigo biyu. Na Alhaji a naku zai zama haka:

{ <=011227>[2789]xxxxxxx | <001=1>xxxxxxxxxx | <00=011>[2-9]x+ }

Amma ku kada ku sa shi. Tunda 00966 tana fita, kamfaninku 00 yake karɓa, ba 011 ba. Wasu kamfanonin ma ba sa son ko ɗaya, lambar ƙasa kai tsaye suke so. Kowa ya fara sanin abin da nasa ke karɓa kafin ya kwafi na wani.

Yaron Alhaji:
Na sa tsarin, 96 ta shiga, 00225 ma ta shiga. Sai dai da yamma murya tana yankewa, kamar mutum na magana cikin iska. Kuma forfe shina saurin ƙarewa.

Mai Gyara Wadata:
Duba Preferred Codec a Line 1, wato tsarin da ake matse murya da shi. Za ka tarar da G711u. Shi ne mafi kyawun murya a akwatin amma mai ci ne, kusan mega 1.2 a minti in ka haɗa zuwa da dawowa, wato wajen mega 70 a awa. Mai da shi G729a. Cinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na wancan ba, kuma ya fi jure rezo mai rauni.

Injiniyan Rezo:
A nan na ɗan saba da kai, abokina. G729 yana rage cin data, wannan babu gardama. Amma mega 70 a awa ba shi ke cinye forfen shago ba, a duba wayoyi nawa ke kan wifin suna kallon bidiyo. Yankewar yamma ma yawanci daga nan take, ko daga cunkoson eriya lokacin da kowa ya hau. Kuma ga mai ciniki da ake faɗa wa farashi da lambar mota ta waya, tsabtar murya ba ƙaramin abu ba ce. Ni zan fara da rage masu hawa wifin, a matsar da akwatin sim ɗin kusa da taga. In bai yi ba sannan a sauka zuwa G729.

Mai Gyara Wadata:
A Yamai inda rezo ke da ƙarfi zan bi taka. A kasuwar Tahoua da yamma ina nan kan G729. Ya gwada duka biyun, kunnen Alhaji ya yanke hukunci. Sai dai in ya koma G729 ya tabbata DTMF Tx Method yana kan AVT. In ba haka ba, ranar da ya kira banki aka ce danna 1 danna 2, zai danna ba za a ji ba, don matse muryar yana lalata ƙarar maɓalli.

Malamin Lissafi:
Akwai abin da nake so a faɗa ƙarara don iyali da yaran shago su sani. Wannan waya ba ta kiran 17 na ƴan sanda, ba ta kiran 18 na ƴan kwana-kwana, ba ta kiran 15 na motar asibiti. Allah ya kiyaye, in gobara ta tashi kada wani ya tsaya yana bugawa a kanta.

Mai Gyara Wadata:
Haka ne, Malam, kuma da gangan ban sa 911 a tsarin ba. In ta fita, can Amurka za ta faɗa, a tura mutane adireshin da ɗan Alhaji ya rubuta. Ƙanena, rubuta a takarda ka manna jikin wayar cewa kiran gaggawa da salula ne. Kuma yau ɗin nan ka canza kalmar sirrin admin. Akwai masu laluben irin waɗannan akwatuna a intanet, in sun samu shiga su kwashe bayanan layin su yi ta kiran ƙasashe masu tsada da dare, mai layi ya wayi gari da bashi.

Yaron Alhaji:
Na canza. Tambaya ta ƙarshe, yaya. In wuta ta ɗauke komi mutuwa yake. Akwai wata caja ta tsohon akwatin wifi da bakinta ya yi daidai, tana haɗe da batirin sola. In sa mishi? Kuma akwai tsohon layin waya a bangon shago, in na sa igiyarshi a rami na biyu za mu samu layi biyu?

Mai Gyara Wadata:
Kada ka yi ko ɗaya. Juya akwatin ka karanta ƙasansa, volt 5 yake ci. Cajojin wifi yawanci volt 12 ne, bakin yana shiga daidai amma yana sawa zai ƙone, an sha kawo mini irinsu teburina suna warin ƙuna. Nemi igiya mai USB a gefe ɗaya da bakin da ya dace a ɗaya gefen, ka sa a fawa bank mai ba da amfiya 2. Wayar tebur mai igiya daga adaftar take shan wutarta, ba ta buƙatar komi. Shi akwatin wifin ne za ka bari a kan sola. In wata rana an aiko muku da waya marar igiya daga Amurka, duba cajarta kafin ka sa a bango, wasu volt 120 kaɗai suke ɗauka, tamu kuwa 220 ce.

Ramukan nan biyu kuma duka na sa waya ne, su ke ba da wuta. Layin bango shi ma in yana da rai wutarsa yake kawowa, in suka haɗu ramin zai lalace. Mai son haɗa layin bango da na intanet sai ya nemi adafta mai rami da aka rubuta FXO ko Line, irin Grandstream HT813. Rami na biyu na naku ajiye shi, in ɗan Alhaji ya buɗe layi na biyu sai a cika Line 2 a sa masa wata wayar.